Daga Ajlun Zuwa Shobak: Yawona a Kufan Kagaran Jodan

Taron bita kan ruwan sha da noman rani ne ya kai ni Amman a ƙarshen watan Fabrairu. Na tashi daga Kano ta Alƙahira, bayan jiran biza da ya kusa sa ni fid da rai, domin mu masu koren fasfo sai an gama tantance mu tun muna gida kafin a ce mu taho. Taron kansa babu abin ba da labari a cikinsa, zama ne da shan shayi da kallon allo. Wanda ya sa na ɗaga ranar komawata shi ne wani dattijo Badamagare da muka haɗu a can, injiniyan rijiyoyi, wanda tarihi ya shiga ransa fiye da aikin da ya kawo shi. Tun ranar farko ya ƙi kirana da sunana, sai "Bakano", ni kuma ina ce masa Malam. Shi ya ce mini abin kunya ne mutum ya zo ƙasar da Salahuddin, sarkin Masar da Sham, ya yi yaƙi ya koma bai taɓa ko dutse ɗaya na kagaranta ba.

Duk wanda zai je Jodan ya fara shirya zuciyarsa kan maganar kuɗi. Dinarinsu ya fi dala nauyi, dinari ɗaya kusan dala ɗaya da santi 40 ne. Za a ce maka abu dinari biyu ne ka ji kamar kyauta, sai ka juya shi zuwa naira cikinka ya ɗuri ruwa. Malam da ke lissafi da sefa ya fi ni shan wahala, kullum wayarsa na hannu yana dannawa yana tsaki.

Mun fara da arewa. A tashar Tabarbur muka shiga kosta mai zuwa Ajlun, kuɗin mota bai kai dinari biyu ba, amma ba ta motsa sai da kujerar ƙarshe ta samu mai ita. Tafiyar kimanin kilomita 75 ce. Abin da ya ba ni mamaki shi ne korayen tsaunuka. Ni a zatona Jodan rairayi ce da raƙuma, sai ga gonakin zaitun hawa-hawa a jikin duwatsu, ga daji, ga furanni ja da ruwan ɗorawa a bakin titi, ga sanyi mai shiga ƙashi. Tun motar ba ta shiga gari ba muka hango kagarar a kan tsauni, zaune ɗaram, babu wani gini da ya kai ta tudu a duk yankin.

Daga cikin gari tasi ta haura da mu, muka biya dinari uku-uku a bakin ƙofa. Kafin ka shiga sai ka tsallaka gada a kan gwalalo mai zurfi wanda aka sassaƙa a cikin dutsen kansa, ba haƙa ƙasa aka yi ba. Wani kwamandan Salahuddin mai suna Izzuddin Usama ya gina ta a 1184. Dalilin ginin a fili yake ga duk wanda ya hau saman hasumiya: kwarin kogin Jodan na shimfiɗe a yamma, kuma a ƙetarensa Turawan Salibiyya, mayaƙan Kirista da suka zo daga Turai suka kama Ƙudus, suna da tasu kagarar, wadda Larabawa ke kira Kaukabul Hawa. Daga nan ana tsaron hanyoyin da ke haurowa daga kwarin, ana kare ma'adinan ƙarfen yankin, ana kuma sa ido kan ƙabilar Banu Auf da ke zaune a tsaunin. An ƙara mata hasumiya da ƙofa wajen 1214. Mayaƙan Mongol sun yi mata ɓarna a 1260, Sarki Baibars na Mamalik, masu mulkin Masar a lokacin, ya gyara. Abin da ya fi yi mata illa ma ba mutum ba ne, girgizar ƙasa ce ta 1837 da ta 1927.

Ciki duhu ne da sanyi da lunguna. Hanyar shiga ba miƙaƙƙiya ba ce, sai ka karya kwana, ka hau matakala, ka sake karya wata, kuma a kowace kwana akwai rami a sama ko a gefe inda mai gadi zai iya sakar maka abin da ya ga dama. Na daɗe a gaban wata tagar harbi. Daga ciki faɗinta ya isa mutum ya durƙusa da bakansa ya juya dama da hagu, amma tana tafiya tana tsukewa, har a waje ta zama 'yar tsaga da tafin hannuna ya rufe. Na leƙa ta ciki na ga duk wanda ke tahowa a kan gada, shi kuwa ba shi da labarina. A wani ɗaki an tara ƙwallayen dutse na majaujawa, na gwada ɗaga ɗaya da hannu biyu, ko gezau. A wani ɓangaren kuma akwai ragowar daɓen wata tsohuwar coci da aka tarar a wurin kafin a yi ginin, da adon 'yan ƙananan duwatsu masu launi.

Malam bai damu da duk wannan ba. Shi ramukan tara ruwan sama yake bi ɗaya bayan ɗaya, yana haska tocilar wayarsa, yana nuna mini kwatar da aka sassaƙa a jikin bango don ta kwaso ruwa daga rufi ta zuba a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce, "Bakano, kai kana kallon kaurin bango. Mai hankali rijiya yake fara tambaya." A lokacin na ɗauka son sana'arsa ne kawai ke magana. Wani ma'aikacin wurin ya ba mu labarin yadda kagarar take cikin jerin tashoshin aika saƙo tsakanin Sham da Masar, da rana tattabaru, da dare wuta a kan hasumiya, wannan tsauni ya kunna wancan ya gani ya kunna. Muka sha shayi mai ganyen maramiyya a bakin ƙofa, muka koma Amman kafin motoci su ɗauke, don da la'asar ta yi sanyi tasha take watsewa.

Tafiyar kudu ta fi wuyar shiryawa. Hanya biyu ce. Akwai ta hamada, miƙaƙƙiya mai sauri, wadda motocin haya ke bi. Akwai kuma tsohuwar da ake kira Hanyar Sarakuna, mai bin gadon tsaunuka, wadda ayari ke bi tun kafin zuwan Rumawa, kuma a kanta kagaran suke. Motar haya ba ta ratsa ta daga farko zuwa ƙarshe, dole sai shata. Mun sha ciniki da wani direba, dattijo mai jan rawani irin nasu, ya fara da kuɗin da ya sa Malam ya miƙe tsaye yana salati. Da ƙyar muka daidaita a kan dinari 130, zuwa da dawowa, har da kwanansa. Da ya ji muna Larabcin makarantar allo da na littafi, sai ya fashe da dariya ya ce muna magana kamar masu huɗubar Juma'a. Tun daga nan ya koma kiran Malam "ya Hajji", ni kuma "ɗan'uwa".

Madaba muka wuce ba mu tsaya ba. Bayan Ziban ƙasa ta tsage a gabanmu ba sallama. Wadi Mujib ke nan, kwari mai zurfin da in ka leƙa sai ka ji jiri, titi na nannaɗewa yana gangarawa har gindin madatsar ruwa, sannan ya sake nannaɗowa ya haura ɗaya gefen. Kunnuwana suka toshe. Direba na tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna mana abubuwa, ni kuwa ina riƙe da kujera ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. A sama muka tsaya wurin wani mai rumfa da ke dafa gahawa a cikin rairayi mai zafi, ƙaramin kofi, ɗaci kamar maɗaci, ƙamshi kuwa har cikin kai.

Kafin Karak muka tarar da shingen 'yan sanda. Jami'in ya leƙo, ya dube mu, ya ce, "Sudan?" Wannan tambayar ta bi mu ko'ina a ƙasar. Muka ce a'a, ɗaya Najeriya ɗaya Nijar. Ya karɓi fasfo biyun ya jera su, ya karanta wannan ya karanta wancan, ya kira abokinsa ya nuna masa, suna gardama a kan ko ƙasa ɗaya ce aka rubuta iri biyu. Malam ya gyara zama zai fara darasin taswira, direba ya taka masa ƙafa. Suka miƙo mana takardunmu da "ahlan wa sahlan", ba wanda ya nemi ko kwabo. Daga baya direban ya gaya mana dalilin tsaron. A watan Disamba na 2016 wasu 'yan bindiga sun kutsa cikin kagarar Karak suka maƙale a ciki, aka kashe aƙalla mutum goma, yawancinsu jami'an tsaro, har da wata 'yar yawon buɗe ido daga Kanada. Ya ce abin da ya ba jami'ai wahala a ranar shi ne ginin kansa, domin har yau yana yin aikin da aka gina shi ya yi.

Karak gari ne a kan tsauni, titunansa ƙanana, a cunkushe, mota na bin mota kamar za su hau juna. A wani shataletale akwai mutum-mutumin Salahuddin a kan doki da takobi a zare. Musulmi da Kirista ne a garin tun kaka da kakanni, ga masallaci ga coci. Kagarar tana ƙarshen kudu, inda tsaunin ya tsuke, kwari ya kewaye ta ta fuska uku, ta huɗun kuma aka yanka gwalalo aka raba ta da gari. Tsawonta ya kai mita 220. Kuɗin shiga dinari biyu.

In Ajlun ginin Musulmi ce tun daga tushe, Karak ta Turawa ce. Wani hakimin sarkin Ƙudus na Salibiyya, Fagan, ya fara ta a 1142. Ba sai an yi maka bayani ba kafin ka gane aikin wa kake kallo. Inda dutse yake baƙi-baƙi, garas-garas, an jibga shi cikin gaggawa, na Turawa ne. Inda yake fari-fari, an sassaƙe shi sumul an jera kamar da ma'auni, na Mamalik ne, waɗanda sarkinsu Baibars ya karɓe wurin daga hannun Ayyubawa, dangin Salahuddin, a 1263. Sau da yawa bango ɗaya ne, ƙasansa baƙi samansa fari. Kuma abin da ake gani a sarari kaɗan ne. Yawancin kagarar a ƙarƙashin ƙasa take, hawa a kan hawa, dogayen zaure masu rufin bakan gizo waɗanda haske ke shiga ta 'yan ramukan sama. Mun bi barga inda dawaki ke kwana, mun ga madafa da katafaren tanderu da duwatsun niƙa da matsar man zaitun, mun shiga 'yan ɗakunan kurkuku da ba na fatan maƙiyina ya kwana a ciki. A jikin wani bango akwai gunkin mutum mara kai, wani saurayi mai neman ya yi mana jagora ya rantse Salahuddin ne. Ba shi ba ne. Sassaƙar Nabatawa ce, mutanen tsohon birnin Petra, da ta girmi Salahuddin da kusan shekara dubu, magina suka tsinto ta suka cusa a bango a matsayin dutse.

Sunan da ba a rabuwa da shi a Karak shi ne Arnat, wato Renal na Shatiyon. Ya yi shekara 15 a kurkukun Halab, da ya fito ya auri gwauruwar da ta gaji Karak, ya zama mai wurin wajen 1177. Daga kan bangon nan ana ganin dalilin da ya sa wurin ke da daraja. Duk ayarin da ya taso daga Masar zuwa Sham, da duk mahajjatan da suka taso daga Dimashƙa zuwa Makka, a ƙarƙashin idonsa suke wucewa. Magabatansa kuɗin fito suke karɓa su bar mutane su wuce. Shi kuwa ya mai da abin fashi. Har ya sa aka ƙera jiragen ruwa gunduwa-gunduwa, aka ɗora wa raƙuma zuwa gaɓar Aƙaba, aka haɗa su aka saka a Bahar Maliya. Suka kai farmaki Aizab, tashar da mahajjatan Afirka ke tsallakawa zuwa Jidda, suka yi ɓarna har gaɓar Hijaz, kafin rundunar ruwan Masar ƙarƙashin Husamuddin Lu'ulu'u ta murƙushe su a 1183. Saurayin nan ya kai mu wani gefen bango mai tsananin tsawo ya ce daga nan Arnat ke jefa fursunoni, bayan an sa musu akwatin katako a ka don kada su suma kafin su kai ƙasa. Kowane jagora a Karak yana ba da wannan labarin, kuma kowa na da nasa gefen bangon.

Labarin da ya fi zauna mini shi ne na bikin aure. A ƙarshen 1183 Salahuddin ya zo ya yi wa Karak ƙawanya, ya kafa majaujawa yana ruwan duwatsu, a daidai lokacin da ake ɗaurin auren ɗan matar Arnat da Isabela, ƙanwar sarkin Ƙudus. Uwar ango ta sa aka kai wa Salahuddin abincin biki har sansaninsa. Shi kuma ya tambayi wace hasumiya ce ango da amarya ke ciki, ya hana a jefe ta. Sauran hasumiyoyin dai suka ci gaba da shan dutse. Sarkin Ƙudus, Baldwin na huɗu, wanda kuturta ta cinye har ba ya iya hawa doki, aka ɗauko shi a kan gado da runduna, Salahuddin ya janye. Ya dawo a 1184, nan ma bai ci ba.

Ƙarshen Arnat ba a nan ya zo ba. Ya karya yarjejeniyar sulhu ya kwashe wani babban ayari, Salahuddin ya yi alwashin kashe shi da hannunsa. A Hiɗɗin, ranar 4 ga Yuli 1187, ƙishirwa ta gama da rundunar Turawa kafin takobi ya ƙarasa. Aka kawo sarkinsu na lokacin, Gi, da Arnat tantin Salahuddin. Ya miƙa wa Gi ruwan sanyi, Gi ya sha ya miƙa wa Arnat. Salahuddin ya sa tafinta ya gaya wa Gi cewa shi ya ba shi, ba Salahuddin ba, domin a al'adarsu wanda ka shayar ya shiga amanarka. Sannan ya cika alwashinsa. Amma duk da mai gida ya mutu kuma Ƙudus ta faɗi, Karak ba ta buɗe ƙofa ba sai ƙarshen 1188, bayan waɗanda ke ciki sun cinye dawakinsu da duk wata dabba mai motsi. Ba a fasa bangon ba. Yunwa ce ta zare sakata, kuma aka bar su suka fita da ransu. Malam ya dube ni ta saman tabarau bai ce komai ba.

A kan wannan bangon ne, muna hangen Tekun Gishiri can ƙasa cikin hazo, ya tono tsokanar da ya daɗe yana ɓoyo. Ya ce, "To Bakano, ina taku badalar?" Na yi shiru, don ya taɓa inda ke ciwo. Bisa tarihin Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, kuma ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Ashe ganuwarmu ta girmi Karak, ta girmi Ajlun. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, ta yi ta tsare birni har zuwan Turawa a 1903. Hikimar ma ba ɗaya ba ce. Su waɗannan gidan sojoji ne, 'yan ɗaruruwan mutane a kan tsauni suna tsaron hanya, talaka na waje. Tamu kuwa gari guda ta rungume, da gonaki da kududdufai da Dala da Goron Dutse a ciki, yadda ko an yi ƙawanya ana noma ana shan ruwa. Na gaya wa Malam haka, na ƙara da cewa shi ya sa kakanninsa suka zo da bindigoginsu suka koma ba su shiga ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Mu ba mu ci ta ba, ku kuka cinye abarku." Gaskiya ya faɗa. Ƙasa ba dutse ba ce, tana son yaɓe duk shekara, kuma tun da aka daina gayyar yaɓe damina ke zaftare ta. Abin da damina ta bari, masu ɗibar ƙasa da masu yanka filoti da masu zuba shara suka ƙarasa. Su ma nan ba tsira suka yi gaba ɗaya ba, Ibrahim Basha na Masar ya rusa wani sashe na Karak a 1834, kuma mutanen gari sun sha kwasar duwatsunta suna gina gidaje. Bambancin shi ne a yau akwai mai gadi a ƙofa, akwai tikiti, akwai magini da ke maye gurbin dutsen da ya faɗo.

Mun kwana a wani ƙaramin masauki kusa da kagarar, dinari 25 ɗaki mai gado biyu. Na'urar ɗumama ɗaki ta yi gurnani na ɗan lokaci ta mutu, ruwan zafi kuma alkawari kawai aka yi mana. Da rigar sanyi da safa da hula na kwanta, bargo biyu a kaina, haƙorana na kaɗawa. Abin da ya wanke wannan dare shi ne mansaf. Direbanmu ya ce haramun ne mutum ya zo Karak bai ci ba, domin jamid ɗin Karak ya fi na ko'ina suna. Jamid nonon tumaki ne da ake tsanewa a sa gishiri a dunƙula a shanya har ya yi tauri kamar dutse, sai a jiƙa a dama a dafa naman rago a cikin romonsa. Aka kawo faranti guda, gurasa mai laushi a ƙasa, shinkafa a kai, nama a sama, aka kwarara romon. A tsaye ake ci, hannun hagu a baya, ana dunƙula loma da dama. Lomar farko tsami da gishiri suka buge ni, na ce a raina an cuce mu. Kafin a kai rabin faranti ni ne ke miƙa hannu a ƙara romo.

Da safe muka tsaya Mazar, kusa da Mu'uta, 'yar tafiya kaɗan kudu da Karak. Nan aka yi yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, wato 629, inda Zaidu ɗan Harisa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha suka yi shahada ɗaya bayan ɗaya, Khalid ɗan Walid ya karɓi tuta. Mun yi sallama a kaburburansu, Allah Ya ƙara musu yarda. Malam da bakinsa ba ya hutawa bai yi magana ba har muka gangara Wadi Hasa. Daga nan sai Ɗafila, sai tsaunukan Dana, ƙasa na ƙara tudu, itatuwa na raguwa, iska na ƙara kaifi.

Shobak ita ce babbar yaya a cikin ukun. Baldwin na farko ya gina ta a 1115, ya sa mata suna Montiriyal, wato tsaunin sarki. Tana kan wani tudu mai kama da tulin hatsi, ita kaɗai, babu gari a jikinta, babu masu talla. Dinari ɗaya muka biya. Daga nesa bangonta da hasumiyoyinta a tsaye suke kyam, da rubutun Larabci manya-manya da aka sassaƙa ya zagaye su, ɗauke da sunan Sarki Lajin na Mamalik wanda ya gyara ta wajen 1297. Da ka shiga kuwa kufai ne sosai, tulin duwatsu, bakan gizo da ya rage shi kaɗai babu rufi, kangon coci biyu, ragowar fadar Ayyubawa, da ɗakunan da mutanen ƙauye suka zauna a ciki har tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Masu tonon tarihi daga jami'ar Fulorens ta Italiya sun daɗe suna aiki a wurin, ko'ina ka ga igiya da lambobi a jikin duwatsu. Ni dai ta fi kwanta mini a rai fiye da sauran biyun, don ba a yi mata kwalliya ba. A gindin tudun akwai wata tsohuwar Bosuwaja da wani ya shimfiɗa wa katifa da matasai ya mai da ita ɗakin kwanan baƙi, Malam ya ce ko kyauta aka ba shi ƙafafunsa ba za su shiga ba.

Tudun babu ruwa a samansa. Maɓuɓɓugar tana can ƙasa, a wajen bango, inda maƙiyi zai fara zama. Abin da maginan suka yi shi ne suka huda dutsen daga cikin kagara, suka sassaƙa matakala sama da 370 tana murɗawa tana nutsawa har ta isa ruwan. Wani matashi makiyayi da muka tarar a wurin ya ce zai raka mu. Malam ya leƙa bakin ramin, ya dafa gwiwarsa, ya ce, "Bakano, je ka gano mana, ka dawo da labari." Shi da ya ja ni tafiyar saboda rijiyoyi.

Ban taɓa shiga duhu irin wannan ba. Bayan 'yan taku hasken ƙofa ya ɓace, sai tocilar waya. Matakalar ta lashe, wasu wuraren babu ita sam, gangara ce kawai mai santsi da ƙura, babu abin kamawa sai bangon da ke gumi. Tun ina tafiya a tsaye har na koma zaune, ina jan gindi kamar yaro mai koyon rarrafe, wandon da na saya don taro yana shan ƙasa. Yaron na gaba da silifas yana tafiya kamar a tsakar gidansu, yana waiwayowa yana cewa, "Sannu-sannu, Baffa." A jikin bango ana ganin sawun kurfi, sara bayan sara, kowane bai wuce tsawon yatsa ba. Na tsaya na sa yatsana a cikin ɗaya ina haki. Mutane ne suka yi wannan da hannu, a cikin wannan duhun, da fitilar mai, sannan wasu suka riƙa hawa da salkar ruwa a baya alhali maƙiyi na zaune a saman kansu bai sani ba. Can ƙasa iska ta canza, na ji ɗanshi, sai ga tsani na ƙarfe da ɗan haske a sama. Muka fito a gindin tudu, gefen titi, gwiwoyina na rawa, kagarar na can sama kamar ba daga cikinta na fito ba. Na ba yaron dinari biyar, ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah.

Da wannan ramin mutanen Shobak suka jure ƙawanya kusan shekara biyu. Sun fi na Karak daɗewa, sai a 1189 suka sallama. Ruwa bai yanke musu ba, abinci ne ya ƙare, har marubutan Turawa na cewa wasunsu sun makance saboda rashin gishiri. Da na gaya wa Malam abin da na gani, sai ya ciro ɗan littafinsa ya sa ni na zana masa yadda ramin ya murɗa, yana ta tambayar faɗi da tsawo, abin da ban tsaya aunawa ba ina ta kaina.

Petra na gaba da mu da kimanin kilomita 30, direba ya yi ta zuga mu, amma kuɗin shigarta kaɗai dinari 50 ne, aljihu kuma ya riga ya yi magana. Muka yanke gabas muka hau hanyar hamada, tireloli da rairayi har barci ya sace ni. A Ƙaɗrana muka tsaya sallah da cin abinci. Nan ma akwai wata 'yar kagara mai kusurwa huɗu da Turkawa suka gina a ƙarni na 16 don mahajjatan Sham, da wani makeken tafkin tara ruwa a gefenta wanda ya ninka ginin girma. Malam ya ruga can da sauri kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba, sai da direba ya yi ta danna oda kafin ya dawo. Mun shiga Amman bayan isha'i. Da muka zauna lissafi, har da shata da masauki da abinci da tikiti, kowannenmu ya kashe kusan dinari 110. Direban ya nemi a ƙara masa goma saboda tsayawar Mazar da Ƙaɗrana ba sa cikin ciniki. Malam ya ce ziyarar sahabbai ba a karɓar mata lada a duniya, direba ya ce ya yarda, amma tafkin Turkawa ba sahabi ba ne. Muka ba shi biyar.